Jirgi ya yi latti, akwati ya ɓata, an soke dawowa: ejan zan kama ko kamfani?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni mazaunin Makka ne, a Shari'u Mansur. Da aka ba yara dogon hutu na ɗebi iyali, ni da maiɗakina da yara uku, muka nufi Kano ganin gida. Tikitinmu na zuwa da dawowa ne daga Jidda, da yada zango a wata ƙasa. Jirgin bai bar Jidda ba sai bayan kusan awa takwas, ko ruwa ba a ba mu ba. Kafin mu sauka jirgi na biyu ya tafi, muka kwana a kan kujeru da yara. Mun isa Kano babu akwati biyu. Ɗaya ya zo bayan kwana tara, a fashe. Ɗayan har yau shiru, kuma tsarabar mahaifiyata na ciki. Wajen dawowa aka soke jirgin Kano, aka ɗaga mu kwana huɗu, har sai da na biya kuɗin tsawaita bizar fita da dawowa. Ejan ya ce in je kamfani, kamfani ya ce in koma wurin ejan. Wa zan kama? Akwai abin da zan samu, ko in bar wa Allah?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya sanya albarka a zumuncin da aka je yi. Akwai abin da za ka samu, kuma ba kaɗan ba ne, sai dai bai kai girman ɓacin ranka ba, wani ɓangarensa ma lokaci yana cinye shi yanzu haka.

A zuciyarka wahala ɗaya ce. A wurin kamfanin jirgi kuwa magana huɗu ce: lattin Jidda, kwanan zango, akwatuna, da soke jirgin Kano. Kowace da dokarta da ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata. Ina sayar da tikiti a wani ofis a nan Jidda, kafin nan kuma na zauna a teburin cigiyar kaya a filin jirgi. Abin da na fi gani yana kayar da mutanenmu shi ne su haɗa komai a wasiƙa ɗaya mai zafi, su aika. Ma'aikacin da ya buɗe ta sai ya zaɓi mafi arha a ciki ya amsa, ya rufe fayil.

Tsakanin ejan da kamfani

Kowannensu ya faɗa maka rabin gaskiya. Idan maganar mayar da kuɗin tikiti ce, ko canza rana kafin tafiya, ta hannun wanda ya sayar take bi, domin ta asusunsa kuɗin suka shiga, ta nan kuma za su fito. Amma diyyar latti, abinci, masauki, akwatin da ya ɓata ko ya fashe, duk suna wuyan kamfanin da ya ɗauke ku. Ejan ba shi da jirgi, bai karɓi akwatinka ba, bai manna masa lamba ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duk abin da ka lissafa a tambayarka na kamfani ne.

Wuri ɗaya ne ejan zai iya shiga laifi, kuma ya kamata ka bincika. Yawancinmu a wannan sana'a muna sa lambar wayar ofis da imel ɗin ofis a cikin bukin, wato rajistar kujerar da aka kama, maimakon na fasinja, don kada kamfani ya janye mana abokin ciniki. Tun 2019 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta wajabta wa ejan ya nemi lambar fasinja ya shigar don sanarwar gaggawa, amma ba kowa ke bi ba. Idan kamfani ya aiko saƙon soke jirgin Kano tun da wuri, saƙon ya kwanta a kwamfutar ofis ba wanda ya kira ka, kamfani zai ce ya sanar, kuma ya sanar ɗin. Ka nemi ejan ya buga maka tarihin bukin ɗin. A ciki akwai ranar da aka soke jirgin da inda aka aika sanarwa. Idan ya fara ƙame-ƙame, ka ga amsarka.

Tikiti ɗaya ne ko biyu?

Kafin komai ɗauko takardar tikitin. Kowane fasinja yana da lamba mai alƙaluma 13. Duba ko Jidda zuwa zango da zango zuwa Kano duk suna ƙarƙashin lamba ɗaya. Idan ɗaya ce, kamfani ya yi alkawarin kai ka Kano ne, ba zango ba. Rasa jirgi na biyu matsalarsa ce, shi zai sa ku a na gaba ba tare da ƙarin ko sisi ba, shi zai nema muku wurin kwana. Idan kuwa lambobi biyu ne, wato an haɗa maka tikiti biyu daban don ya yi sauƙi, to kamfani na farko ya gama aikinsa da ya sauke ku a zango, na biyu kuma zai ce ba ku zo ba. Ana yawan yin wannan haɗi a lokacin hutu, idan kujerun Alƙahira da Adis Ababa da Doha da Istanbul suka yi tsada, fasinja kuma ba ya sani sai ranar da abu ya ɓaci. Tunda an kai ku Kano ba ka ambaci sabon biya ba, na ɗauka naka ɗaya ne, a kan haka zan ci gaba.

Lattin Jidda

Nan ne ƙafarka ta fi ƙarfi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Saudiyya, GACA, tana da dokar kare haƙƙin fasinja wadda sabon tsarinta ya fara aiki ranar 20 ga Nuwamba, 2023. Ta shafi duk jirgin da ya tashi daga filin Saudiyya, na kamfanin gida ne ko na waje, da kuma jiragen kamfanonin Saudiyya masu shigowa. Ta ce idan latti ya kai awa ɗaya a ba da abin sha, ya kai awa 3 a ba da abinci, ya wuce awa 6 a ba da masauki da motar kai da komo. Bayan wannan akwai diyyar kuɗi, ana lissafa ta da SDR, ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ɗaya ya kai kusan riyal 5. Lattin awa 3 zuwa 6 SDR 50 ne. Abin da ya haura awa 6 SDR 150 ne, kimanin riyal 750. Kowane mai tikiti ake ba, ba magidanci kaɗai ba, don haka ku biyar kuna maganar wajen riyal 3,750.

Kamfani yana da hanyar zillewa guda: ya ce abin da ya fi ƙarfinsa ne, kamar guguwar ƙura, ko rufe sararin samaniya. Irin wannan yana faruwa da gaske. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jiragen da ke tsakanin Bahar Maliya da Afirka ta Yamma suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, jadawali ya matse. A Kano kuma hazon hunturu yana hana sauka tsakanin Disamba da Fabrairu. Amma mafi yawan lattin da nake gani a lokacin hutun bazara ba na sama ba ne. Jirgi ɗaya ne ake juyawa garuruwa da yawa a yini, latti na safe yana tarar da na dare, matuƙa su cika awanninsu na aiki doka ta hana su tashi, a zauna jiran wasu. Wannan tsarin kamfani ne, ba ƙaddarar yanayi ba. Shi ya sa a wasiƙarka za ka nemi su rubuta maka dalilin lattin. Kalmar "dalilan aiki" da suke son amfani da ita ba ta wanke su.

Wataƙila wani ya gaya maka ana biyan yuro 600. Gaskiya ne, amma dokar Tarayyar Turai ce ta 2004, tana aiki a kan jirgin da ya tashi daga can, ko na kamfaninsu da zai sauka can. Ba ta da hurumi tsakanin Jidda da Kano. Kada ka saka ta a takardarka, tana nuna wa mai karantawa cewa kwafo ka yi.

Kwanan zango kuwa reshe ne na wannan latti. Duk abin da ka kashe a daren nan, abincin yara, ruwa, madara, idan kana da rasit ko saƙon banki, ka haɗa. Teburin masu canjin jirgi ba kasafai yake kiran mutane ya ce ga otal ba. Wanda ya je ya tsaya ya nema shi ake ba, wanda ya yi kawaici ya shimfiɗa darduma a lungu a bar shi. Kunyarmu tana yi wa kamfanoni arha ƙwarai. Wani lokaci kuma otal ɗin yana wajen fili, fasfo ɗinka yana buƙatar biza kafin ka fita, sai a ce babu yadda za a yi. Ko a haka ana iya neman ɗakin hutawa na cikin fili da takardar cin abinci.

Akwatunan

A nan wata doka ce ke aiki, Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2003. Saudiyya da Nijeriya duk suna ciki. Ita ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da ya karɓa, ta kuma sa masa iyaka. Iyakar ta kasance SDR 1,288 daga ƙarshen 2019, aka ɗaga ta zuwa 1,519 daga 28 ga Disamba, 2024, wato sama da riyal 7,000. Abu biyu mutane ke kuskure a kanta. Na farko, rufi ce, ba farashi ba. Ba a miƙa maka ita don akwati ya ɓata, kai za ka nuna abin da ke ciki da ƙimarsa. Na biyu, kan fasinja ake lissafa ta, ba kan akwati ba. A teburin auna kaya an saba a tara duk akwatunan iyali a rubuta su da sunan maigida don a yi sauri. Ranar da biyu suka ɓata, kamfani zai so ya lissafa su a rufin mutum ɗaya. Ana iya jayayya a kan haka idan kayan maiɗakinka ne a ciki, amma hawan dutse ne.

Yanzu juya katin shiga jirginku, ko bangon fasfo. Akwai 'yar takarda mai danƙo, ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, da zane-zanen layuka da lamba mai alƙaluma 10. Ita ce shaidar cewa kamfani ya karɓi akwatin. A teburin cigiya na sha ganin dattijo ya iso gumi na zuba, yana rantsuwa akwatinsa baƙi ne babba an ɗaure shi da igiya, a bayana kuma ɗaki cike da baƙaƙen akwatuna manya ɗaure da igiya. In tambaye shi takardar, ya ce ya yar a jirgi, ko yaro ya ɓare ta yana wasa. Ba tare da lambar nan ba, neman ya koma lalube.

Tambaya mafi nauyi ita ce: kafin ku fita daga ɗakin karɓar kaya a filin Malam Aminu Kano, an cike maka takardar rahoto, wadda suke kira PIR? Tana ɗauke da lamba mai haruffa biyar da alƙaluma biyar, tana farawa da KAN. Da ita ake shigar da akwati cikin WorldTracer, rumbun da yawancin kamfanoni ke amfani da shi wajen haɗa kayan da aka tsinta da masu nema. Mutanenmu da yawa suna fita ne da alkawarin baki, wani ma'aikaci ya karɓi lambar waya ya ce "Alhaji je ka huta, za mu kira ka", ga 'yan'uwa suna jira a waje, ga gajiya. Tunda an kawo maka akwati ɗaya, da alama akwai fayil. Nemo lambarsa.

Sai wa'adi, kuma a nan yarjejeniyar ba ta da sassauci. Akwatin da ya lalace, kwana 7 gare ka daga ranar da ka karɓa ka kai ƙorafi a rubuce. Wanda ya makara, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi. Idan wa'adin ya wuce babu rubutu, kamfani yana da damar rufe ƙofa. Saboda haka akwatin da ya zo a fashe, idan ka sa hannu ka karɓa ba ka rubuta komai ba, hutu kuma ya ƙare, maganar fashewar ta yi rauni. Duba ko ka aika imel ko saƙo da hotuna a cikin makon, ko da gajere ne, zai iya tsaya maka. Na lattin kwana tara kuma, dokar GACA ta tanadi kimanin riyal 740 na ranar farko da riyal 300 na kowace rana bayanta, har zuwa riyal 6,568, kuma jirginku daga Jidda ya tashi. Ka nema.

Wanda bai zo ba sam, labarinsa ya fi daɗi ta fuskar doka. Da zarar ya cika kwana 21 bai iso ba, kana da ikon ɗaukarsa a matsayin ɓatacce ka nemi diyya, kuma gajeren wa'adin nan bai shafe shi ba. Zauna da maiɗakinka ku rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya: abaya nawa, jallabiya nawa, turare wane iri, darduma, dabino, takalman yara. Inda akwai rasit ɗin shago ku haɗa, inda da kati aka biya ku ciro bayanin banki. Kada a ƙara gishiri. Masu duba waɗannan takardu sun san nauyin da aka auna akwatin, jerin kayan da ya fi kilo 23 a akwati mai kilo 23 yana zubar da mutuncin sauran. Za su kuma rage kuɗin abin da aka riga aka yi amfani da shi. Idan akwai gwal ko waya ko tsabar kuɗi a ciki, shirya wa gardama, domin sharuɗɗan kusan kowane kamfani sun ce a riƙe su a hannu.

Kada ka yanke ƙauna da ganinsa. Kaso mafi girma na kayan da ke ɓata a wurin canjin jirgi suke maƙalewa, ba sata ba ce. A hanyarmu akwai ƙarin dalili: muna tafiya da kaya masu nauyi, idan jirgi ya cika, ga zafi yana rage abin da zai iya ɗauka, sai a sauke wasu akwatuna a ce za su biyo baya. Wani kuma leda da igiyar da aka naɗe shi da su ne suka rufe lambar ko suka fizge ta a kan bel. Irin wannan sai an buɗe shi ake gane mai shi. Don haka ka ba su bayanin abu uku da ke ciki waɗanda ba kowa ke da su ba, ba "tufafi" kawai ba.

Dawowa daga Kano

Wannan jirgi daga Nijeriya ya tashi, don haka idan kamfanin ba na Saudiyya ba ne, GACA ba ta da iko a kansa. Hukumar Nijeriya, NCAA, ita ke da shi, ƙarƙashin sashe na 19 na dokokinta, kuma tana da jami'an kare haƙƙin fasinja a filayen jirgi. Can za ka kai ƙarar sokewar idan kamfani ya yi biris.

Amma kuɗin bizar da ka biya, Montreal ce za ta dawo maka da shi. Ta ɗora wa kamfani asarar da latti ya jawo wa fasinja har zuwa SDR 6,303, sai fa idan ya nuna ya yi duk abin da ya kamata don kauce wa lattin. Asara ce da ake iya ƙirgawa: kuɗin tsawaita fita da dawowa na mutum biyar, wanda rasit ɗinsa na nan a Absher, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ko a banki, motar da ta kai ku fili ta mayar da ku gida, albashin kwanakin da aka yanke maka idan wurin aiki zai ba ka takarda. Tun da muna kan maganar, duk mai iƙama, wato izinin zama a Saudiyya, da zai yi hutu ya bar tazarar akalla mako tsakanin ranar dawowa da ranar ƙarewar biza. Tsawaitawa daga waje ta fi tsada, ga wanda ke ƙarƙashin kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, kuma sai ya same shi a waya ya yarda ya danna.

Abin da ba za a biya ba shi ne kukan yara a kan kujera, da kunyar shiga gaban mahaifiya hannu rabbana. Yarjejeniyar ta hana diyyar horo da duk wadda ba ta maye gurbin asara ba. Na san shi ya fi ciwo.

Yadda za ka bi

Rubuta ƙorafi uku daban ta shafin kamfanin na intanet, ba ta waya ba, ba a teburin ofis ba: na lattin Jidda da kwanan zango, na akwatuna, na soke jirgin Kano. Kowanne gajere, da lambar buki, lambobin tikiti, lambar jirgi, rana, abin da ya faru a layi uku, da adadin kuɗin da kake nema. Larabci ko Turanci duk ɗaya ne. Kowanne za a ba ka lambar ƙorafi, adana ta, domin GACA za ta tambaye ka ita. Ba ta karɓar ƙara sai ka fara zuwa wurin kamfani. Idan mako ya wuce shiru, ko aka ba ka amsar da ba ta gamsar ba, ka ɗaga zuwa hukumar. A abin da nake gani, kamfanonin da ke sauka a nan suna jin kiranta.

Amsar farko sau da yawa takardar rangwame ce ta tafiya ta gaba, mai wa'adin shekara. Ba dole ba ne ka karɓa a madadin kuɗi. Ka kuma karanta duk abin da aka ce ka sa wa hannu, don wata takardar tana cewa ka yafe duk sauran haƙƙoƙinka na tafiyar, sai ka sayar da akwatin da ya ɓata a kan kuɗin gyaran wanda ya fashe.

Sanina ya tsaya a bakin kotu, ni mai sayar da tikiti ne ba lauya ba, kuma ban ga takardunka ba. Abin da zan iya gaya maka shi ne Montreal ta ba ka shekara 2 daga ranar isowa ka shigar da ƙara, kuma tunda tikitin zuwa da dawowa ne, Jidda ce ƙarshen tafiyarka a idon yarjejeniyar, don haka ba sai ka koma Kano ko ƙasar kamfanin ba. Ko kuɗin sun kai a ɗauki lauya, wannan lissafinka ne, bayan ka ga abin da hukuma ta iya karɓo maka. A daren yau dai fara da ƙorafin akwatuna, shi ne wa'adinsa ya fi kusa. Ɗauki hoton 'yan takardun nan masu danƙo kafin rubutunsu ya goge, don irin takardar rasit ce, zafin Makka yana cinye tawadarta.